Geron Dakta

Giɓi Lubabatu ta fara gani tun kafin ta sauka daga kabu-kabun. Gonar da ta bari jiya da la'asar a cike take, zangarniya tana gogar zangarniya. Yau ga ta kamar bakin tsohuwa, nan haƙori, can wawulo. Duk inda aka tuge gindi, an ja yashi da ƙafa an rufe ramin.

Mai gonar, Malam Zakariya'u, yana jera kujeru a ƙarƙashin rumfar da aka kafa wa baƙi. Ta nufe shi, jaka na dukan ƙugunta.

"Baba, wa ya shiga gonar nan?"

"Dakta, yau ko gaisuwa ba mu samu ba?"

Ta rusuna. "Ina kwana, Baba. Wa ya shiga?"

"Lafiya lau. Ni ne da 'ya'yana, muna idar da sallar asuba. Purofesanku ya kira ni a salula ya ce a gyara wuri." Ya karkaɗe wata kujera da gefen rawaninsa. "Kar ki ɓata rai, 'yata. Furoje nawa na masu agaji suka wuce ta gonar nan? Kowanne haka yake yi. Ranar baƙi sai a ɗauke marasa lafiya. Ko ɗakinki ne, ai kya share in surukai za su zo."

Geron nan aikinta ne. A kansa ƙuruciyarta ta ƙare, tsakanin labo, ɗakin bincikensu a Damagaram, da gonakin gwaji na Waca da nan Guci, har ta fitar da irin da kuturta ba ta kama shi, cutar nan ta fumfuna da ke mayar da zangarniya tulin ganye ba ƙwaya ko ɗaya. Maƙalar da suka buga a kansa, ita da shugabanta Purofesa Ajimi, ta yi farin jini. Masu bincike daga Indiya har Senegal ba sa rubutu kan cutar sai sun ambace ta, kuma a duniyarsu yawan ambato shi ne garken mutum. Manoma ba ruwansu da wannan, su dai sun laƙaba wa irin suna, Geron Dakta. Dosiyenta, wato kundin takardunta na neman ƙarin girma, a kan maƙalar ya jingina, yana can a ofishin Purofesa yana jiran sa hannunsa. Yau kuma wakiliyar wata ƙungiyar agaji za ta zo ta ga gonar da idonta, in ta gamsu a raba irin a ƙauyukan Magarya da Dungas kafin damina mai zuwa.

Jiya da ta zo duba wuri, sai ta tarar da kuturta a cikin Geron Dakta. Ba gindi ɗaya ba, ba goma ba. Zangarnun da ya kamata su ɗauki ƙwaya sun yi buzu-buzu da ganye. Cutar ta sake salo, ta gano ƙofar da aka rufe mata. Daga tsakiyar gonar ta kira Purofesa. Ya ce, "Bari in zo gobe mu gani." Ashe ganin ne ba ya so a yi.

"Ina karan da kuka tuge, Baba?"

"Yana bayan gida a kan amalanke. Shanu za a zuba wa."

"Kar a zuba. Su ci, su yi kashi, ka kwashi taki ka kai gona. Ka ga ka shuka cutar da hannunka ke nan."

Tsohon ya riƙe haɓa. Kafin ya ce wani abu, motoci kat-kat biyu suka ɓullo daga hanyar Dungas.

Purofesa Ajimi ya fito da farar babbar riga da murmushinsa na taro. Ya gaisa da Maigari, ya zaunar da baƙuwar, wakiliyar ƙungiyar, Hajiya Yagana, sannan ya yafito Lubabatu zuwa gindin wani gawo, wanda a wannan lokaci na damina ko inuwar kirki ba shi da ita.

"Tun daga mota na ga fuskarki. Sassauta ta, Luba."

"Ka sa an share shaida, Purofesa."

"Na sa an tuge mai cuta. Ba shi muke koya wa manoma ba? Yana cikin maƙalarmu."

"Bayan an ƙirga. Ba kafin a ƙirga ba."

"Gona ɗaya ce fa. Wataƙila iri ne ya gauraya."

"Ni na kawo irin, a gabana aka shuka."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Saurare ni. Maƙalar nan ita ce rigarki, ita ce tawa. Ki ce yau irin ya faɗi, gobe masu ambatonki su koma ambaton wani. Kwamitin ƙarin girma ba ya karanta gona, lamba yake karantawa. Ki bari a raba, dosiyenki ya wuce, baɗi mu zauna mu duba a tsanake. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Baɗi gonakin mutane ne za su zama labo ɗinmu."

"Ban sa hannu ba tukuna, kin sani." Ya faɗa a hankali, kamar mai tambayar lafiyar iyali. Ya juya ya koma rumfa.

Aka buɗe taro da addu'a. Purofesa ya miƙe ya shiga yabon irin. Ya ce ba a taɓa buga maƙala daga cibiyarsu da ta sami ambato irin na wannan ba, ya lissafo ƙasashe, ya lissafo jami'o'i. Wani dattijo ya raɗa wa na kusa da shi, "Shi ambaton nan, dami-dami ake ɗaure shi ko buhu-buhu?" Suka ƙunshe dariya a rawani. Hajiya Yagana tana gyaɗa kai, tana kallon gonar da ta yi shar a rana. Daga inda take zaune giɓin ba ya nuna.

Lubabatu ta zauna a kujerar ƙarshe, hannuwanta a kan cinya. Abin da ake so daga gare ta bai da yawa: ta miƙe in an kira ta, ta yi godiya, ta zauna. 'Yan ajinsu duk sun wuce ta a muƙami, wasu da maƙalolin da ko su kansu ba sa komawa karantawa. Ita ma ta gaji da jira. Ta dubi manoman da ke zaune a tabarma, ta tuna yadda ake yi da sabon iri a ƙasar nan: mutum ya samu, ya yarda da shi, sai ya daka nasa na gado ya yi tuwo.

Ta miƙe ta zagaya bayan rumfa.

Amalanken yana nan bayan gida, shaƙe da kara, san da ke jan shi yana ɗaure a jikinsa yana kora ƙuda da wutsiya. Ta ajiye jaka ta kama igiya. 'Yar karkara ce, haifaffiyar Sassumbrum, ba yau ta fara jan sa ba. Sai ta ji takun mutum a bayanta.

"Dakta, za ki kunyata ni a gaban Maigari," in ji Malam Zakariya'u. "Ni na tuge."

"An sa ka ne, Baba. Kunyar yau ko rumbun baɗi, wanne ka fi tsoro?"

Ya dubi karan. Ya zaro zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu, ganye ya zube, ba ƙwaya.

"San nan yana tunkuyi in bai san mutum ba," ya ce. "Kawo igiyar."

Purofesa yana cewa, "Yanzu kuma ita kanta Dakta za ta yi mana bayani," lokacin da amalanken ya kutso tsakanin kat-kat biyun ya tsaya a bakin rumfa. Lubabatu ta rungumo kara ta zube a gaban baƙuwar. Ta koma ta ƙaro. Ƙasar saiwa ta fantsama a kan farar babbar rigar Purofesa.

Hajiya Yagana ta sunkuya ta ɗauki zangarniya ɗaya ta jujjuya. "Wannan fa?"

"Geron Dakta ne, Hajiya. Ragowar gonar da ba a nuna miki ba."

"Ke kika rubuta cewa ba ya kamuwa."

"Ni na rubuta, kuma gaskiya ce a lokacin. Cutar ta canza. Kar ku raba shi."

"Nawa ya kamu cikin nawa?"

"Ban sani ba, an tuge kafin in ƙirga. Amma ramukan suna nan. In takalminki zai jure yashi, mu je mu gani tare."

Hajiya ta dubi Purofesa, ta dubi takalminta, ta tuɓe shi. Suka shiga gonar su biyu, manoma na biye, kowa yana tone ramin da ya gani da babban yatsa. Ba su kai rabin gonar ba Hajiya ta tsaya. Da suka fito ta ce wa Maigari ƙungiyarsu ba za ta ɗauki irin bana ba, sai an sake gwaji.

Purofesa ne ya fara tafa hannu. Ya shaida wa jama'a cewa wannan ita ce tarbiyyar cibiyarsu, ba a ɓoye komai. Wasu suka taya shi tafin don ladabi.

Taro ya watse. Lubabatu tana tsugune a gindin amalanke tana zaɓen zangarnu tana sawa a ambulan don kai wa labo, sai kat-kat ɗin Purofesa ta tsaya kusa da ita. Ya buɗe ƙofa bai sauko ba. Ga mamakinta, idonsa har ƙyalli yake yi.

"Kin san abin da ke hannunki? Sabon nau'in cuta ne, ba wanda ya taɓa ba da rahotonsa. Wannan maƙalar sai ta ninka ta farko a ambato. Shigo mu tsara ta a hanya. Sunana a gaba kamar yadda aka saba, naki na biye. Dosiyen kuwa, gobe da safe an gama."

Ta miƙe ta karkaɗe zanenta. "Ai ba ka ga cutar ba, Purofesa. Kai ka ce a ɗauke ta kafin ka iso."

"Luba, yi tunani. Dosiye ba ya tafiya da ƙafarsa."

"To ya huta a inda yake."

"Maƙalar fa?"

"In ta fito zan aiko maka, ranka ya daɗe. Sai ka ambace ta."

Ta rufe masa ƙofar a hankali, da hannu biyu, kamar yadda ɗaliba ke yi wa malaminta. Sannan ta koma ta tsuguna, ta ɗauki zangarniya ta gaba.