Tawul a Kan Rikoda

Napua ta ture wani kwalin da ƙafa, kyankyasai suka watse, Benny Pacheco ya yi dariya har da tari.

"Ƙanwata, ai na faɗa miki, tsohona bai taɓa jefar da komai ba. Har carar zakara ya ɗauka a tef."

"Carar kuwa mun sha ta tun safe. Sa wani."

Ruwan saman garinsu Honoka'a yana ta dukan kwanon garejin. Benny maƙwabcinsu ne tun suna yara, yanzu ya tsufa, 'yarsa ta matsa ya koma wurinta a Las Vegas, kuma gobe motar shara za ta kwashe duk abin da ya rage. Cikin abin da ya rage har da tsohuwar rikodar babansa mai faifai biyu, da tulin tef masu warin ruma.

Sautin jitar babanta Napua take nema. Baban nata, Iokepa, ya yi rayuwarsa a kan doki yana kiwon shanun mutane a tudun Waimea, da yamma kuma ya zauna a baranda yana kiɗan ki ho'alu, wanda ake sassauta tsirkiyoyin jita har su yi magana da juna ko ba a danna su ba. Kowane gida da nasa saitin, kuma mutanen zamaninsu suna ɓoye shi kamar yadda ake ɓoye wurin kamun kifi mai albarka. Iokepa kuwa ya fi kowa. In baƙo ya shigo sai ya juya masa baya. In ya gama kiɗa, kafin ya sha ruwa sai ya murɗe kunnuwan jitar duka shida, ya bar tsirkiyoyin suna reto. Masu ɗaukar sauti sun taɓa tasowa daga Honolulu takanas saboda shi, ya cika su da poi, tuwonsu na gwaza, da busasshen kifi, ya rako su mota.

Koyarwarsa ma haka take: zauna ka kalla, ka yi tambaya darasi ya tashi. Napua ta kalla har yatsunta suka haddace tafiyar nasa, amma saitin kullum sai ya ce mata sai ta natsu. Ba ta natsu ba. Ta tafi aikin otal a birni, ta yi aure, ta haihu, ranar da ta dawo da niyyar zama an riga an sa shi a ƙasa. Har yau tana jin haushinsa, kewarsa kuma ta fi haushin.

Akwai wani kiɗa da yake yi wa kowane ɗan gidansu ranar da ya cika shekara ɗaya da haihuwa. Tun rasuwarsa ba a sake ji ba. Ta bi shagunan tsofaffin fayafayai, ta bi kasuwar gwanjo, ta gwada saitin gidaje iri-iri, kiɗan ya ƙi fita daidai. Asabar mai zuwa Kainoa, ɗan jikarta Momi, zai cika shekara, ga gaɓoɓin yatsunta suna ta kumbura, likita ya ce ba gyaruwa za su yi ba. In bai fito a wannan bikin ba, ta san ba da hannunta zai fito ba.

Benny ya ɗora wani tef, ya zura bakin zaren da kyar. Aka fara jin hayaniya, da ƙarar kwanuka, da wani yana kiran a zo a buɗe ramin gasa nama. Sai wata mace ta yi dariya.

Napua ta dafa bango. "Mamata ce."

Dariyar yarinya ce ɗanya, wadda ba ta riga ta binne kowa ba. Muryar ta ce a miƙo mata Napua ta goge mata baki, mai biki ta yi dumu-dumu da poi.

"Kai! Bikinki ne," in ji Benny. "Na tuna ranar. Kin yi kuka kamar an yanka ki."

"Rufe min baki, Yaya."

Jita ta shigo. Hannun Iokepa ne, babu shakka, babban yatsan nan mai tafiya kamar doki bai gaji ba. Napua ta ɗauko jitarsa da ta zo da ita, ta kasa kunne, sai kafaɗunta suka sauka. Saitin kowa-da-kowa ne, wanda yaran makaranta ma suka sani. Tsohon ya ga rikoda, ya ba ta abin da yake ba baƙi.

"Ka ji shi ko?" ta ce. "Ko a bikina. Mutumin nan, taurin kansa har lahira."

Ta miƙa hannu za ta kashe, Benny ya buge hannun. A cikin tef ɗin jaririya ta tsandara kuka, aka yi rarrashi, aka yi waƙa, ta ƙi. Sai ga muryar Iokepa dab da rikodar, a shaƙe kamar kullum.

"Pacheco, kashe abin nan."

"Na kashe, ɗan'uwa, na kashe," in ji muryar baban Benny. "Na kashe. Ga shi har na rufe da tawul."

Aka ji shafar ƙyalle, sautin ya dushe, amma bai ɗauke ba.

Benny ya kama baki. "Tsohon banza! Ƙarya yake, wallahi."

Kujera ta yi ƙara. Aka bugi tsirkiya mai kauri, ta fara sauka, ta sauka, ta wuce inda Napua ta taɓa kai ta, har ta koma kamar gurnanin teku daga nesa. Napua ta murɗa tata da sauri tana bi. Ta biyar ta sauka kaɗan, ta huɗu aka bar ta, ta uku ta sauka. Da aka zo ta biyu sai sautin ya hau.

Ta tsaya baki buɗe. Shekaru tana sassautawa, don sunan kiɗan ma sassautawa ne, bai taɓa zuwa mata ba cewa ɗaya daga ciki ɗaure ta yake ƙarawa. Ta murɗa a tsorace kada tsirkiyar ta tsinke, ta ja yatsa a kan duka shida, garejin ya cika da barandar gidansu: warin sirdi, da kofi, da rigarsa mai jiƙe da yayyafi.

A tef ɗin Iokepa ya fara kiɗan, ita ma ta fara. Yatsun suna ciwo, amma sun san hanya, kuma yau tsirkiyoyin sun yarda. Jaririyar ta rage kuka, ta yi ajiyar zuciya, ta yi shiru. Napua kuwa hawaye har haɓa, ba ta damu ta goge ba.

Da zaren ya ƙare yana ta kaɗa jela, Benny ya fyace hanci da gefen riga.

"Tsohona bai taɓa kunna wa kowa wannan ba. Maƙaryaci ne, amma ya iya riƙon amana."

Napua kuwa wani abu take juyawa a rai. Babanta yakan saita jita yana hira, cikin ƙiftawar ido, ba ka ko jin ya taɓa ta. A tef ɗin nan kuwa kowace tsirkiya ya buge ta ita kaɗai, a hankali, ya maimaita, kuma sai da ya jawo kujera kusa. Mutumin da yake jin motsin ɗan maraƙi a cikin hazo ba zai kasa jin faifai yana juyawa a ƙarƙashin tawul ba. Ya sani sarai.

Mota ta tsaya a waje. Momi ta shigo da gudu, ta rufe kan Kainoa da rigarta, tana karkaɗe ruwa, tana kiran kakarta da sunan da jikoki ke kiranta.

"Tutu! Daga titi na ji. Shi ne? Kin samu? Tsaya, sake bugawa in ɗauka!"

Ta zaro waya. Kafin Napua ta yi wani tunani, ta juya wa jikarta baya, hannunta ya riga ya kai kan kunnuwan jitar, ta murɗe su ɗaya bayan ɗaya har tsirkiyoyin suka yi reto.

Benny ya fashe da dariya. "Sannu da zuwa, Iokepa! Yaya hanya?"

Momi ta tsaya da waya a hannu, fuskarta irin ta wadda aka rufe wa ƙofa. Napua ta san fuskar nan, ta daɗe tana yawo da irinta. Ta dubi kumburarrun yatsunta, ta dubi yarinyar da ta koyi jita ita kaɗai a waya don babu wanda ya zaunar da ita. Ta juyo da kujerar.

"Mayar da abin nan jaka. Ba Kawu Benny yaron. Zauna nan."

"Tutu, in na manta fa?"

"Tambaya kika fara? Kunne za ki ba ni, da ido."

Ta ɗora mata jitar a cinya, ta kama hannunta ta kai kan kunnen tsirkiya mai kauri. Can gefe Benny ya saɓa Kainoa a kafaɗa, ya danna tasa wayar, ya ajiye ta a kan teburin kayan aiki kamar ba komai, ya jawo wani tsohon tawul ya rufa mata.

"Yaya Benny, me kake yi a can?"

"Ni? Kashe ta na yi, ƙanwata. Kada ta dame ku."

Napua ta dube shi, ta dubi tawul ɗin. Ta ce wa Momi su matsa can, nan rufin yana yoyo. Suka ja kujerunsu har jikin teburin, sannan ta bugi tsirkiyar farko a hankali, ta sake bugawa.