Jegon Zomanya

Shekara talatin ina yankan cibiya a Tudun Wadan Gusau. Rabin samarin unguwar nan ni na fara ganin fuskarsu, don haka da jikata Shafa'atu ta ce za ta bar mini amanar zomanyarta, dariya na yi. Makarantar kwana za ta tafi a Bungudu, shekara guda bayan an ba mu jiha, zomanyar kuwa cikinta ya tsufa. Uwar Shafa'atu ce ta sayo mata ita a kasuwar Tsafe kafin ta rasu, shi ya sa yarinyar take ji da ita kamar ranta.

"Inna Uwani, don Allah in ta haihu ki kula min da ɗiyanta. In iske su da rai."

"Ke, ni za ki koya ma jego? Tahi abinki."

Kwana huɗu da tafiyarta, da hantsi, na ga zomanyar ta fito daga ramin da ta haƙa a bayan madafa, ciki ya sauka, gashin ƙirjinta duk a tsige. Sai ta juya ta dinga tura ƙasa har ta toshe bakin ramin, ta daddanne shi, ta koma gefe tana cin harawa kamar ba ita ba. Raina ya ɓaci. Na ga uwaye marasa kan gado iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda ta binne jarirai da ransu ta zauna kalaci ba. Na zage ta tas.

Na ɗauko fartanya na buɗe ramin, na zura hannu har kafaɗa, na zaro jajayen 'ya'ya huɗu, tsirara, ido a rufe, cikin wani tarkacen gashi da ciyawa. Tarkacen na watsar a juji, don ni ba na jego cikin ƙazanta. Na yi musu wanka da ruwan ɗumi, na shafe su da man kaɗe, na kwantar da su a ƙwarya bisa sabon ɗankwalina. Maijego kuma na dama mata kunun kanwa. Ta shinshina, ta ba ni baya. Sau biyar a yini nake danne ta a cinya don su sha nono, tana yakushina, maƙwabta na leƙowa ina yi musu bayani. Da na sake ta sai ta ruga ta ƙara toshe ramin, ni kuwa in ce taurin kai ne.

A kwana na uku biyu suka mutu, a na biyar sauran suka bi su. Na zauna gaban ƙwaryar na yi kuka, rabi na tausayi, rabi na tunanin fuskar Shafa'atu.

A haka Talatu, mai kawo mini daddawa daga Furfuri, ta same ni. Gidansu zomaye sun fi kaji yawa. Da ta ji labari sai ta sauke kayanta ta zauna.

"Tone su kinka yi, Uwani? Ai haka suka yi. Ruhe su takai sabadda sanyi da kyanwa, ta buɗe sau guda ga yini ta ba su nono. Gashin da kinka yas, shi na bargonsu."

Talatu ta duba ramin, ta ga ƙasar bakinsa sabuwa ce. Ta ce, "Tunda har yau tana toshewa, akwai saura ciki. Abu guda za ki yi: kar ki yi komi."

Tunda nake ba a taɓa ba ni aiki mai wuya irin wannan ba. Sati biyu ina kewaya ramin hannuna a baya, ina zuba harawa da ruwa daga nesa. Ran nan da safe sai ga biyu sun fito, ɓul-ɓul, kunnuwa a miƙe.

Da Shafa'atu ta zo hutu, ko jakarta ba ta ajiye ba ta durƙusa gabansu. Sannan ta taso ta rungume ni.

"Na san ba ki bari su lalace, Inna. Mi kinka yi musu sunka yi ƙiba haka?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, mai daɗi kuwa. Na kalli hannuwana, tabon yakushi bai gama gogewa ba.

Na ce, "Shidda ta haihwa, Shafa'atu. Waɗanga biyu su na waɗanda hannuna bai kai gare su ba."