Hoton Huhun Mudi

A gidanmu ba a gaya wa mai ciwo abin da likita ya ce. Babban wa ake kira gefe a gaya masa, shi kuma ya komo ɗaki ya ce da sauƙi. Ni ne babban wan Mudi, saboda haka ni na je Sakkwato karɓo sakamakon ɗan naman da aka ciro daga huhunsa. Shi yana kwance Ƙaura Namoda, gidan 'yarsa, tun da tari ya hana shi noma a Galadi.

Likitar ta ce sankara ce, kuma ta bazu. Na ce to. Ban ji komai ba, kamar ana ba ni labarin wani gari. Ina ta kallon na'urar da ke gabanta, inda wani hoto yake, ruwan hoda da ɗige-ɗige masu duhu, kamar zanen atamfa.

"Likita, wannan fa?"

"Baba, naman ƙanenka ne aka ƙara wa girma."

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma tun ina yaro abu in baƙo ne sai na tsaya a kansa. Ta nuna mini da biro. Babban dunƙulen shi ne ciwon. Ƙananan ɗigon ƙwayoyin jini ne masu tsaron jiki. Ta ce in suka kutsa cikin dunƙulen da yawa, mai ciwo yakan fi jimawa, magani ma yakan fi kama shi. A na Mudi duk sun taru a gefe, ba su shiga ba.

"Ba hukunci ba ne," in ji ta. "Ku kawo shi mu gwada. Amma ban yi maka alkawari ba."

Da na komo Ƙaura, na tarar da Mudi zaune bakin tabarma, matarsa Tasalla tana tsince gero a faifai. Ita so take a kai shi Sakkwato. Shi so yake ya koma Galadi, dawa ta kusa yanka.

"Yaya Sirajo, mi anka ce?"

"Da sauƙi."

Nan ya kamata in tsaya. Amma hoton nan yana ta yawo a kaina tun daga tasha.

"Mudi, ashe akwai wasu halittu cikin ƙirjinka. Na gan su da idona."

"Ka fara. Tasalla, ba shi ruwa, zancen aljanu za a yi."

Na fito da goro daga aljihu na ajiye a tabarma, na ce wannan ciwon ne. Na ɗebi gero a faifan Tasalla na jera, ina faɗa masa yadda masu tsaron ke shiga su ci ciwon daga ciki, da yadda wanda nasa suka shiga ke jimawa. Ya yi dariya har ta koma tari.

Da tarin ya lafa, ya sunkuya yana duban tabarmar.

"Na ƙirjina kenan ka jera?"

Na duba. Geron duk na zagaye goron da shi, da tazarar yatsa guda. Ko ƙwaya ɗaya ban ɗora a kai ba. Hannuna ya zana abin da ya gani.

"Misali ne kawai," in ji Tasalla. "Ka san yayanka."

"Na san shi. Shi ya sa."

Ba wanda ya yi kuka. Kaza ta zo ta fara tsattsagar geron, ba mu kore ta ba.

"Likita ta ce a gwada," na ce.

"Ta yi alkawari?"

"A'a."

Ya ɗauki goron, ya ɓare, ya miƙo mini rabi.

"A nemo mai babur mai tafiya a hankali. Ni in zauna tsakiya, kai ka riƙe ni ta baya."

Ranar kasuwar Shinkafi muka kama hanyar gida. Bayansa yana jingine da ƙirjina, ina jin numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zabira a ƙasa. Da muka fara ganin gonakin Galadi ya ce wa mai babur ya tsaya, ya daɗe yana kallon dawar wani mutum, ya ce an yi shuka da wuri.