Famfon da Ya Tafi Tudun Fulani

A wancan zamani, in za a zaɓi kansilan unguwa a Minna, babu akwati babu takarda. Ɗan takara zai tsaya a fili ya juya baya, masu son sa su jeru a bayansa, akawu ya bi yana ƙirga kawuna. Kowa na ganin kowa, ɗan takarar ne kaɗai ba ya ganin komai sai an gama. Da irin wannan layi 'yan coci suka kai Ishaku majalisar gari, kuma ba su taɓa barin sa ya manta ba.

Ishaku tela ne, ɗan Gbagyi, shi ke jan waƙa a coci ranar Lahadi. Mutum ne mai daɗin zama, sai dai kafiya. In ya ce a'a, gara ka tashi ka nemi wani aikin yi.

Majalisa ta ba mazaɓarsa famfo guda ɗaya tak, aka ce kansila ya nuna inda za a kafa. Tun kafin a tambaye shi, Baba Gimba, babban dattijon ikkilisiya, ya sa an share wuri a ƙofar coci, an kewaye da duwatsu, har da shafa musu farar ƙasa. Alhali akwai rijiya a harabar, tana ja da baya da rani, amma ba ta taɓa ƙafewa ba.

Can gefen mazaɓar kuwa akwai Tudun Fulani, unguwar makiyaya. Bututun da ya taso daga madatsar Bosso ta bayan gidajensu yake ratsawa ya wuce gari, su kuma matansu suna tonon yashi a busasshen rafi. Gwaggo Rabi'atu, mai tallan nono da ke hutawa a inuwar shagon Ishaku, ita ta ba shi labari tana dariya, wai in sun gaji da tono sukan kara kunne a jikin bututun su ji ruwa yana tafiya wurin masu gari. Ita ta yi dariyarta ta ɗauki ƙwarya ta wuce. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai, har ɗinkin ranar sai da ya farke ya sake.

Da aka zauna a majalisa ya ce Tudun Fulani. Aka kafa famfo a can.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka tsare shi a gindin mangwaro. Baba Gimba ya lissafa masa komai: su suka tsaya cikin rana a bayansa, su 'yan kaɗan ne a garin, sau ɗaya Allah ya ba su nasu a majalisa, shi ne zai kwashi rabonsu ya kai wa waɗanda ko ƙofar coci ba su sani ba. Gaskiya tsohon ba mugu ba ne. Ya daɗe yana ganin ana raba abu ana tsallake su, abin yana cin sa.

Ishaku ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa, sannan ya ce, “Baba, ku kuka koya mini cewa Yesu bai taɓa tambayar mai ƙishi inda yake sujada ba. Kun aike ni majalisa da sunan mai bin Yesu. In na je can na yi son kai, sunan wa na ɓata?”

Suka karɓe jan waƙa daga hannunsa. Ya koma bencin ƙarshe, daga can yake rerawa da ƙarfin da sabon mai jan waƙar dole ya bi shi. Da zaɓe ya matso suka tsayar da Kyauta, mai shagon katako. Baba Gimba ya aiko a gaya masa ƙofa ba ta rufe ba: ya miƙe gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, layinsa zai dawo. Ishaku yana son kujerar nan, kada wani ya ce ba ya so, don akwai magudana da rumfunan kasuwa da ya sa a gaba. Ya ce a gaida Baba, a ce masa ba zai tsaya a ɗakin Allah ya tuba daga abin da ba zunubi ba.

Zaɓen ya faɗo tsakiyar rani. Mazan Tudun Fulani sun yi nisa da shanu neman ciyawa, mata kuwa doka ba ta ba su layi ba. Ishaku ya san lissafin tun daga gida, amma ya sa farar rigarsa ya je ya tsaya ya juya baya. Yana jin ƙafafu suna wucewa ɓangaren Kyauta. Ya gane tarin Baba Gimba, ya gane muryar mutanen da ya ɗinka wa rigar aure. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. A bayansa bai ji motsin da ya wuce na mutum uku ko huɗu ba.

Sai ya ji akawu yana cewa, “Baiwar Allah, koma gefe, ba a ƙirga mata.”

“Ban zo ka ƙirga ni ba,” in ji muryar Esta, matarsa. “Tsayawa na zo yi.”

Daga nan ya fara jin ƙarar ƙore ana saukewa ƙasa, da Fulatanci ƙasa-ƙasa, da ƙanshin man shanu. Ɗan doka ya yi ta kora, ko gezau. Akawu ya tsallake su ya ƙirga mazan, ya ce Kyauta ya ci.

Ishaku ya juyo. Layin matan Tudun Fulani ya miƙe a bayansa har bakin hanya, ya fi na Kyauta tsawo, kuma ko ɗaya bai shiga lissafi ba. Baba Gimba ya matso yana share gumi, leɓɓansa sun bushe, ya ce, “To, ɗana, ga abin da ka zaɓa. Kujera ta tafi.”

“Ta tafi, Baba. Da za a dawo da famfon yau, can zan sake kai shi.”

Gwaggo Rabi'atu ta buɗe ƙwaryarta. Ba nono ba ne a ciki, ruwan famfon nan ne garai-garai. Ta cika ludayi ta ba shi. Ishaku ya sha rabi, ya miƙa wa tsohon sauran da hannu biyu. Baba Gimba ya kawar da kai. Jama'a duka suna kallo, Ishaku bai sauke hannunsa ba.