Kan Burtun Mutari

Yaran yanzu ba su san kukan burtu ba. Kwanaki na tambayi jikokina a nan Dakusa, ɗaya ya buɗe baki ya ce ai irin agwagwa ne. Agwagwa! Sai da na ji kamar in make shi, amma ba laifinsa ba ne, tunda aka haife shi bai taɓa ganin ko gashin burtu ba.

Burtu tsuntsu ne baƙi ƙirin, ya kusa ɗan akuya tsayi, da dogon baki mai ƙululu a sama. Ya fi son tafiyar ƙasa da tashi, yana tafe yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Namijin jan maƙogwaro gare shi, macen shuɗi. Da asuba namijin zai saki murya daga can cikin ƙirji, hum-hum, hum-hum-hum, macen ta amsa, kana kwance a ɗaki ka ji abin har cikin haƙarƙarinka. Ni na riski ƙarshen wannan kukan ina ƙarama. Kakata Hajjo kuwa ta rayu da shi, kuma shi ya raba ta da mijinta.

Mijin nata, kakana Mutari, maharbi ne, kuma da kan burtu yake farauta. Ƙoƙon kan tsuntsun ne a kan wani lanƙwasasshen icce da aka naɗe da baƙar fata, an manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara a wuya. Maharbi zai ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya shiga ciyawa da rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsintar fara. Barewa ta saba kiwo kusa da burtu, ba ta gudunsa, sai dai ta ji kibiya. Kan burtun Mutari gadon kakansa ne, shi bai taɓa kashe burtu ba. Ban da wannan kuma ya iya kukan tsuntsun, iyawar da har su kansu sukan amsa masa.

Hajjo ce kaɗai ba ya iya yi wa wayo. Ta ce a ƙarshen nasa kukan akwai wata 'yar tsagewa, saboda giɓin da jaki ya yi masa yana yaro.

"Tsuntsun Allah dai ba shi da giɓi," haka take ce masa.

Idan ya dawo daga daji yakan tsaya a bayan gonaki ya yi kukan, ita kuma ta buga taɓarya sau biyu a gindin turmi, alamar ta ji, fura na nan. Matan unguwa sun yi ta yi mata tsiya a kan wannan har suka gaji. Ko a jikinta.

Maharban ƙasarmu suna da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Duk wanda zai ɗaura kan burtu, sai ya ƙulla kan ciyawar gamba a bakin hanyar da ya shiga. Wanda ya zo ya ga ƙulli ya san akwai mutum a ciki, sai ya sauke bakansa ya nemi wani dajin. In babu ƙulli, duk baƙin kan da ya gani yana kaɗawa a ciyawa tsuntsu ne. Tun yaro bai iya jan baka ba ake koya masa duba ƙulli.

A shekarun da Nasara suka kafa barikinsu a kan duwatsun Damagaram, akwai wani lokotoronsu, wato likitan soja, mai tara tsuntsaye. Yakan harbe su, ya feɗe, ya cusa auduga a fatar, ya auna fiffike da baki, ya jera a akwati ya aika ƙasarsu don masu ilimin can su gani. Ban ce mugu ba ne. An ce yakan zauna a bakin tafki tun safe yana sauraron tsuntsaye kamar mai jin karatu. Amma wannan wace irin ƙauna ce, ka so abu sai ka gan shi a akwati? Ni dai har yau ban gane ba.

Da kaka, ana shirin yankan hatsi, tafintansa ya iso Dakusa a kan doki. Ya ce lokotoro ya ji labarin burtu biyu a fadamar gari, mace da namiji, yana son su duka. Jibi zai zo da kansa, kuma Mutari ne zai kira masa su.

A ƙofar gidan mai gari aka yi maganar. Mutari ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, su biyun nan su kaɗai suka rage tsakaninmu da Tirmini. Burtu ba kaza ba ne. Sai ya yi shekaru kafin ya raya ɗa guda a kogon kuka. In aka kashe su, barewar da za a haifa baɗi ba ta san burtu ba, ta hango ni a ciyawa sai ta zura. Ba ni kaɗai ba, duk maharbin da ke ƙasar nan ya rataye kansa a bango."

Tafinta ya ce shi ba a aiko shi jin tarihin kaji ba. In jibi ba a ga tsuntsaye ba, kumandan bariki yana neman masu ɗaukar kaya zuwa Agadas, kuma daga gidan Mutari za a fara. Mai gari ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Shi ma rawaninsa a hannun Nasara yake.

Mutari yana da ƙane, Suma'ila, wanda shi ya yi rainonsa tun mutuwar ubansu. Suma'ila ya taɓa bin ayarin fataken Kano, a can ya koyi harbi da bindiga. Kafin tafinta ya hau doki sai ya ja Suma'ila gefe, ya miƙa masa bindiga a naɗe cikin tabarma, ya ce yayansa mai taurin kai ne, in shi ya kawo tsuntsayen kafin jibi magana ta ƙare. Suma'ila ya karɓa ya ɓoye a rumbu. Ya san Mutari ba zai iya kiran tsuntsayen nan zuwa bakin bindiga ya ƙara yin barci mai daɗi ba, ya kuma san hanyar Agadas ba kowa ke dawowa daga cikinta ba. Sai ya ƙudurta ya ɗauke masa kayan ba tare da ya sani ba.

Shi ma Mutari da nasa ƙudurin. Da yamma Hajjo ta same shi a bayan ɗaki yana shafa wa kan burtun man shanu.

"Gobe da asuba zan shiga cikinsu," ya ce mata. "Sun san muryata. A hankali zan ja su har duwatsun wajen Garagumsa. Jibi lokotoro ya zo mu yi ta kira, ba mai amsawa, sai in ce sun yi ƙaura."

"In suka tafi da kai Agadas fa?"

"Wanda ya yi kira har muryarsa ta dishe ai bai ƙi umarni ba."

"To ka ƙulla ciyawa."

"In na ƙulla, kowa ya san na shiga. Gobe ba mai zuwa fadama, duk gari na gona." Ya ɗago ya dube ta. "Ko wa ya tambaye ki, ina kwance, zazzaɓi nake. Ko Suma'ila ne. Ba na son a kama shi da sanin abin da na yi."

Ta yi masa alkawari. Ta gaya mini ranta bai so ba, amma mutum ne da bai taɓa roƙonta ta yi masa ƙarya ba sai ranar.

Ya fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Hajjo ta zuba gero a turmi ta fara surfe. Ba a daɗe ba ta ji gyaran murya a bayan darni, ta ga kan Suma'ila ya leƙo. Bindigar tana jingine a waje inda ba ta gani.

"Matar Yaya, an tashi lafiya? Yana ciki?"

"Yana kwance, jikinsa da zafi. Kai kuma ina za ka da sassafe haka, ko amaryar ce ta koro ka?"

Ya yi dariya. "A bar shi ya huta. Ki ce masa kar ya damu da maganar jiya."

Ya wuce. A bakin fadama ya tsaya ya duba gamba, ta dama da ta hagu, kamar yadda yayansa ya koya masa. Ya ce har tsugunawa ya yi ya sake dubawa. Babu ƙulli.

Hajjo tana cikin surfe ta ji burtu sun fara. Namiji ya yi, mace ta amsa. Sai murya ta uku ta shigo, mai 'yar tsagewa a ƙarshe. Ta yi murmushi ita kaɗai, ta ɗaga taɓarya ta buga sau biyu, ko da ta san ba zai ji daga can ba. Taɓaryar ba ta bar gindin turmi ba ta ji ƙarar da ba a taɓa ji a fadamar Dakusa ba. A nan take ta tuna Suma'ila ya bi ayari ya iya bindiga, ta tuna hanyar da ya nufa. Ta ce ba ta san lokacin da ta tsallake darni ba, ta dai ga kanta tana gudu a cikin karan gero ba ko ɗankwali.

Suma'ila ya hango kawuna uku a ciyawa, biyu masu jan wuya. Ya ɗauka wani namiji ne ya zo neman macen, ya zaɓi wanda ya fi kusa. Harsashin ya shiga ta kafaɗa ya sauka a ƙirji.

Da Hajjo ta isa, Suma'ila ya riga ya kwance wa Mutari kan burtun daga goshi, ya rungume shi yana ihu kamar yaron da aka yaye. Mutanen gonakin kusa suka taru. Mutari yana numfashi da ƙyar, idonsa a buɗe.

"Sun tashi?"

"Sun tashi, Yaya."

"Ina suka yi?"

"Wajen Garagumsa."

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa, ya nemi fuskokin dattawan da ke tsaye. "Ku shaida, ban ƙulla ciyawa ba. Yaron nan ya duba. Kar wanda ya ce masa komai." Sannan ya juyo wajen Hajjo. Ta jira ya ce wani abu, amma murya ta ƙare. Hannunta kawai ya riƙe, da garin gero a jikinsa, har aka ɗauko shi zuwa gida. Kafin azahar ya cika.

Washegari lokotoro ya iso kamar yadda aka ce, ya tarar da zaman makoki. An ce ya cire hularsa, kuma ya yi wa tafinta faɗa sosai a kan bindigar. Sai idonsa ya faɗa kan burtun nan a rataye a darni. Ya ɗauka ya juya shi, ya tambayi yadda ake ɗaurawa, ya ce ko za a ba shi. Mai gari bai tambayi kowa ba ya ce an ba shi. Da shi ya koma Damagaram, bai ƙara maganar tsuntsaye ba, ba a kuma ɗauki kowa zuwa Agadas ba. Wannan ne ke ƙona mini rai har gobe. Ashe da tun farko an miƙa masa busasshen kan nan, da ya isa.

Ba wanda ya ce wa Suma'ila komai, kamar yadda mamaci ya roƙa, kuma ina ganin shirun ya fi masa duka ciwo. Bai ƙara taɓa baka ko bindiga ba. Shi ya noma gonar yayansa, shi ya raini ubana. Kullum da safe yakan zo bayan darni ya gaida Hajjo, ta amsa, amma wasan da ke tsakaninsu ya mutu. Shi yana ganin hannunsa ne, ita tana ganin bakinta ne. Sun tsufa a gida ɗaya ba wanda ya taɓa buɗe maganar da ɗan'uwansa.

Duk ranin shekarar fadama shiru take. Kurciya na kuka, zabin daji na surutunsu, amma da asuba ba abin da ke taɓa haƙarƙarin mutum. Hajjo ta yi takaba ta fita. Ta ce shirun nan ya fi mata sauƙi, har addu'a ta yi kada burtun su dawo.

Sai da ruwan fari ya sauka, shamuwa suka cika tsamiyar ƙofar gari, mutane suka fita shuka. Ran nan da asuba tana tsaye a kan turmi, ƙasa na ƙamshi, ta ji shi daga fadama. Hum-hum, hum-hum-hum. Mace ta amsa. Daga baya masu kiwo suka ce sun gan su su uku, da wani ƙarami mai toka-tokar wuya yana bin su a baya.

Hajjo ta tsaya da taɓarya a hannu. Ta san an binne Mutari, ita ta ɗebo ruwan wankansa. Duk da haka ta kasa kunne har ƙarshen kukan, tana jiran 'yar tsagewar nan. Namijin ya sake yi, muryarsa sumul daga farko har ƙarshe. Ya yi na uku.

Ta goge fuska da bakin zane, ta ɗaga taɓarya, ta buga sau biyu.