Kubura Ta Sa Haƙurina Ta Tafi Intabiyu

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu raina bai daina ɓaci ba. Wai a wani gari nake inda ake wanke hali a shanya shi kamar zani. Na wanke haƙurina na shanya, don da safe zan je intabiyun aikin karɓar marasa lafiya a wani asibiti. Gari na wayewa na tarar da igiyar shanyar wayam, sai masifar Kubura, 'yar kawuna, rataye a wurin. A garin ba a fita ba hali, dole na sa ta na fita. Ruwan sama na tashi daga ƙasa yana jiƙa mini haɓa.

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru mai tabarau ne ke tambayoyin, Kubura na zaune gabansa cikin haƙurina, ko guga ba ta yi masa ba.

Ya ce da ita, "Idan mara lafiya ya zage ki fa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai in ba shi kujera, ranka ya daɗe."

Kubura! Wadda ta taɓa marin mai awara saboda yaji ya yi kaɗan!

Na daka tsawa na ce, "Ƙarya take yi! Nawa ne, tun ina yarinya nake ɗinka shi!"

Bunsurun ya dube ni ta saman tabarau. "Baiwar Allah, mu nan halin da mutum ke sanye da shi muke dubawa. Ke ji muryarki."

Ya ba ta aikin.

Sai ga mu a bakin asibitin. Marasa lafiya sun yi layi, a gaba wata tsohuwa ce riƙe da ciki tana nishi. Kubura ta tuɓe haƙurin ta yar a ƙasa.

Ta ce, "Matse ni yake a hammata. Yaya, ba ni kayana, aiki zan fara."

Na dubi tsohuwar nan. Na ƙanƙame masifar a jikina na ce wallahi ba za ta sa ta a kan mutanen nan ba. Ta ja, na ja, bunsurun na kallo ta taga yana cin labule. Na ji ɗinkin hannun ya fara ɓarkewa, tiiii.

Ashe injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar.