Shaidar Almu

Almu yana durƙushe gaban wani injin ban-ruwa da ya warware, hannuwansa duk baƙin mai, sai ya ji hayaniya ta taso daga wajen 'yan hatsi. Ranar kasuwar Tambuwal ce, hayaniya ba baƙuwa ba ce, amma wannan babu ciniki a cikinta. Ya ajiye sifana ya kasa kunne. Nan take ya ji jijiyar wuyansa ta fara harbawa.

Bara da rani ne abin ya same shi. Yana bayan babur a hanyar Kebbe, zai je ya gyara wa masu albasa injinansu, 'yan bindiga suka tare su. Suka harbe yaron da ke tuƙa shi, Abdulhakeem, shi kuma suka shige daji da shi. Ya yi makonni ɗaure da sarƙa a gindin wata tsamiya kafin danginsa su sayar da gonar gado su karɓo shi. Wanda aka sa ya tsare shi dogo ne siriri, kullum fuskarsa a naɗe da rawani, idanu kawai ake gani. Shi ne mai dukansa da gindin bindiga in ya nemi ruwa.

Almu ya dawo gida, amma idanun nan suka biyo shi. Ya gan su a fuskar wani malamin firamare a tasha, har ya ci kwalar mutumin sai da aka ɓamɓare shi. Ya gan su a fuskar mijin ƙanwarsa, ya tashi daga kan tabarma ya bar abinci. Matarsa Ummu ta daina barin yara su yi guje-guje a tsakar gida in yana nan.

Malam Ɗangiwa, limamin ƙaramin masallacin unguwarsu, shi ya ja shi gefe bayan abin da ya faru a tasha. Bai yi masa wa'azi ba. Tambayarsa ya yi:

"In abin ya taso maka, ina kaka fara jin shi?"

Almu ya yi tunani. "Ga wuya, Baba Liman. Sannan hannuwa su ɗauki rawa."

"To ka san sallamarshi ke nan. In ya yi sallama, kada ka yanke komi, kada ka ce komi, sai ka taɓa ruwa. Kuma ka riƙa zama da mu bayan la'asar."

Zaman bayan la'asar ba wani babban abu ba ne. 'Yan mutane ne kan tabarmi a inuwar masallaci: tela, mahauci, wasu tsofaffi da suka baro ƙauyukansu na yankin Kebbe saboda hare-hare. Su yi salatin Annabi, su yi istigfari, wani ya karanta abin da ya sawwaƙa, sannan a tambayi kowa yadda ya kwana. A nan Almu ya fara faɗin abin da bai iya faɗa wa Ummu ba, kuma a nan ya gane ba shi kaɗai ne ƙarar babur ke tsinka wa zuciya ba.

Hayaniyar ta matso. Sai ga Nasiruddeen, shugaban 'yan sa-kai na unguwar, a ƙofar shagon, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa, bindigar toka a kafaɗa. Shi ne wan Abdulhakeem, yaron da aka harbe.

"Yaya Almu, taso. Mun kama guda."

"Wa kunka kama?"

"Wani bafillace daga wajen Kebbe. Burodi ya saye cike da buhu, ga galan na fetur. Wa ka sayen burodi haka in ba mai kai ma mutanen daji ba? Dogo na, siriri, kamar yadda kac ce. Zo ka duba muna shi."

Almu ya so ya ce yana da aiki. Amma Nasiru ya riga ya kama hannunsa, kuma akwai matasa a bayansa suna jira.

A filin da ake sauke buhunan gero, mutane sun yi da'ira. A tsakiya wani mutum ne zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar babur, jini na bin gefen kunnensa. Burodin ya watse, an tattake shi. Wani ya riga ya mirgino tsohuwar taya, wani kuma yana riƙe da galan ɗin fetur ɗin mutumin, ya kwance murfin. Mata masu sayar da daddawa sun kwashe kayansu sun koma nesa suna leƙe.

"Ga Almu nan! Ku ba shi hanya! Shi ya san su!"

Aka tura shi gaba. Nasiru ya kama gashin mutumin ya ɗaga fuskarsa.

Idanun ne. Almu ya ji warin tsamiyar nan da ƙarfen sarƙa a idon sawunsa. Wuyansa ya ɗaure. Hannuwansa suka ɗauki rawa har sai da ya cusa su cikin aljihun rigarsa. Kalma ɗaya ta hau kan harshensa, tana neman fita, kuma ya san in ta fita ba za a sake tambayar kowa komai ba.

"Shi na?" in ji Nasiru. "Yaya Almu, shi na ko ba shi ba?"

Mutumin ya motsa leɓɓansa da suka fashe. "Sunana Mu'awiya. Suna za a yi gidanmu gobe, matata ta haihu. Don Allah ku tambayi Arɗo..."

Wani ya kai masa shuri ya yi shiru.

Almu ya buɗe baki ya ce: "Ku ba ni ruwa."

"Ruwan mi?"

"Alwala nika son yi."

Aka yi ta gunaguni. Wani ya yi dariyar takaici. Amma wani mai shayi da ke kusa ya miƙo buta, Almu ya karɓa ya tsuguna a gefen buhunan gero. Ya wanke hannuwansa, baƙin mai ya ƙi fita, ya ci gaba. Ya kurkure baki. Da ruwan ya taɓa fuskarsa sai ya ji numfashinsa ya fara sauka ƙasa. Ya tuna malamin firamaren nan, yadda ya rantse a ransa cewa shi ne, da yadda mutumin ya tsaya yana gyara kwalarsa da ta yage, yana kallonsa da tausayi. Ranar ma haka wuyansa ya ɗaure. Ranar ma haka ya tabbata.

Ya wanke ƙafafunsa, ya miƙe, ya koma ya tsaya gaban Mu'awiya. Ya dube shi da kyau, tun daga goshi har yatsun ƙafa. Dogo ne, siriri ne. Haka rabin mutanen da ke filin.

"Ban sani ba," in ji Almu.

Filin ya fashe da ihu.

"Kamar ya ba ka sani ba?" Nasiru ya matso har numfashinsa na dukan fuskar Almu. "Ka kwana ka tashi da su! Na ga yadda jikinka ya yi da kag gane shi!"

"Jikina haka shika yi, Nasiru. Ya yi haka ga Malam na firamare. Ya yi haka ga mijin ƙanwata. Wanda ya tsare ni ban taɓa ganin fuskarshi ba, idanu kawai. In na ce maka shi na, ƙarya na yi. In na ce ba shi ba ne, ita ma ban da tabbas. Ban sani ba."

"Tsoro shika ji!" wani ya yi ihu daga baya.

"Ko sun saye shi can daji!"

Wannan maganar ta fi duka ciwo. Almu ya ji fushi ya taso masa, ya juya yana neman mai maganar, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Malam Ɗangiwa ne, da sandarsa, yana haki don saurin da ya yi. A bayansa ga tela, ga mahauci da wuƙarsa har yanzu a ƙugu, ga tsofaffin nan na Kebbe. Suka shiga tsakiyar da'irar ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya kewaye da Almu da mutumin da ke ƙasa, kafaɗa da kafaɗa kamar sahu.

Ɗaya daga cikin tsofaffin, wanda aka ƙone wa rumbuna aka kashe wa ɗa, ya dubi mai riƙe da galan. "Ɗana, rufe wanga abu. In akwai mai haƙƙin kunna wuta nan, ni na, kuma ban kunna ba."

Yaron ya dubi Nasiru. Nasiru bai dube shi ba, Almu yake kallo, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ƙanena fa, Yaya Almu. Kai ya ɗauko."

"Na sani. Kullum da shi nika kwana. Amma ba ni ɗaukar ran wani in aza bisa nashi alhali ban tabbata ba."

Wani dutse ya taso daga cikin taron ya sami mahauci a kafaɗa. Bai motsa ba. Malam Ɗangiwa ya ɗaga murya, ba da faɗa ba, ya fara salati, irin wanda suke yi bayan la'asar. Tela ya amsa. Tsofaffin suka amsa. Almu ya ji bakinsa ya bi su tun kafin ya yi niyya. Daga can wajen masu daddawa wata tsohuwa ta ɗauka, sai wasu matan suka bi. Ba duka taron ne ya amsa ba, wasu ma tsaki suke yi, amma ihun ya rasa inda zai tsaya. Da wuya mutum ya yi ta kururuwar a kashe alhali na kusa da shi yana ambaton Annabi.

Malam Ɗangiwa ya juya ga Nasiru. "Kai ka kama shi, kai za ka kai shi ga hukuma, da hannunka, da ranshi. Mu kuma muna biye da kai. A aika Kebbe a kira Arɗon da ya ambata. In mai laifi na, ba mu hana a hukunta shi ba."

Nasiru ya gyara bindigarsa a kafaɗa. Sannan ya sunkuya ya ɗaga Mu'awiya da ƙarfi, ya tura shi gaba. Suka ratsa kasuwa a haka, Nasiru da fursunansa a tsakiya, mutanen masallaci a kewaye, matasa na biye suna zage-zage har ƙofar ofishin 'yan sanda. Sai da aka shiga da mutumin ciki sannan Almu ya ja gefe. Ya zauna a bakin kwalbati ya yi ta amai, tela na riƙe da kansa.

Washegari Arɗo ya zo daga Kebbe tare da mai unguwarsu, suka shaida cewa Mu'awiya ɗansu ne, matarsa ta haihu, kuma shi kansa Mu'awiyan 'yan bindiga sun kore masa shanu bara. Fetur ɗin na injin niƙan gidansu ne. Bayan bincike aka sake shi. An yi sunan ba ya nan.

Wannan bai wanke Almu a wurin kowa ba. Akwai waɗanda suka ce Arɗo dole ya kare nasa. Wasu manoma suka kwashe injinansu daga shagonsa suka kai wani wuri, kuma wani maƙwabcinsa ya daina amsa masa sallama. Ummu ta ji ana maganar a gidan biki ta dawo ranta a ɓace.

"Malam, da ka yi shiru ka dawo shagonka, wa zai ce maka wani abu?"

"Da na yi shiru, da sun ɗauki shirun a matsayin amsa," in ji shi. Ta dube shi, ta tura masa kwanon tuwo.

Bayan kwanaki, ana zaune bayan la'asar, sai ga Nasiru ba bindiga. Bai hau tabarma ba, ya tsuguna a gefe kusa da takalma har aka shafa addu'a. Da mutane suka fara tashi ya matso kusa da Almu.

"Har yanzu ban yarda da mutumin nan ba," ya ce.

"Ban ce ka yarda ba."

Nasiru ya ɗauki wani tsinke yana zane a ƙasa. "Tun da kad dawo ban tambaye ka ba. Ban iya ba. Abdulhakeem... ya sha wuya? Ya yi magana?"

Malam Ɗangiwa, da ya riga ya miƙe, ya koma ya zauna, ya yi wa sauran alama da hannu su ba su wuri.

Almu ya gyara zama. "Bai daɗe ba. Da sunka fito daga cikin sabara, cewa ya yi in riƙe shi da kyau, zai juya. Ya kusa juyawa, Nasiru. Da ya faɗi na ji ya yi shahada, sarai na ji ta, sannan ya kira Inna."

Nasiru ya sa hannu ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na girgiza. Almu ya matsa ya ba shi wuri a kan tabarma, ya jira shi har ya gama, sannan ya ci gaba da ba shi labarin tun daga inda shi da Abdulhakeem suka tsaya shan ruwa a hanyar Kebbe.